Gonar da Aka Shafa wa Ja

Abubuwa da yawa sun shige mini duhu yanzu da shekaru suka ja, amma abin da ya faru tsakanina da wani dattijo a daminata ta farko a aikin koyarwa, shi kam ba na jin zan manta da shi, sai dai in hankalina ne ya gushe.

A tsakiyar shekarun 1950 ne. Na gama kwalejin horon malamai, na koma gida Ƙanƙara na yi 'yan makonni, sai aka tura ni wani ƙauye a ƙasar Faskari, ba nisa da Daudawa. Ya kamata in faɗi halina tun yanzu, don shi ne tushen maganar. Ni mutum ne mai tsoron kuskure. A makaranta an koya mana kada mu faɗi abin da ba mu tabbatar ba, ni kuwa na riƙe wannan fiye da yadda malaman suka nufa. Ko tambayata aka yi yau Alhamis ce, sai in ce ina tsammanin haka.

Cikin kayan da na zo da su akwai wani zane a takarda mai kauri. Malaminmu na zane, wani Bature, ya sha ba mu labarin wani shahararren mai zane na ƙasarsu wanda ya daina zana mutane da itatuwa, ya koma baƙaƙen layuka miƙaƙƙu da gidaje masu kusurwa huɗu, wani ya cika shi da ja, wani da shuɗi, wani da ruwan ɗorawa, saura ya bar su fari. Bayan rasuwarsa wasu samari suka bi hanyarsa, ana buga nasu da yawa ana sayarwa a kantuna. A Zariya na sayi nawa. Dalilina biyu ne. Na farko, babu hoton mai rai a ciki, saboda haka na lissafa babu malamin da zai ce na yi laifi. Na biyu, ina so duk wanda ya shigo ya san mai ɗakin ya yi karatu. Na kafa shi a bangon zauren da aka ba ni, daidai inda ido zai fara sauka.

Maƙwabcina wani dattijo ne manomi, Baba nake ce masa. Ana gab da saukar ruwa ya shigo gaishe ni da hantsi. Muka gaisa, ya zauna, amma idonsa na bango. Can ya tashi ya matsa kusa, ya ɗora yatsa a kan dogon baƙin layin da ya ratsa takardar, ya ce ga hanyar Daudawa. Ya gangaro kan shuɗin, ya ce ga kududdufi. Ruwan ɗorawan ya ce gonar mai unguwa ce, har ya yaba wa wanda ya auna ta, don ya fitar da gefen da ya fi tsawo. Ni ina tsaye ina murmushi, ina jin daɗin cewa ga mutumin ƙauye yana tattaunawa da zanen zamani, yadda Baturenmu ya ce ya kamata a yi.

Sai yatsansa ya tsaya a kan jan gidan, wanda yake kudu da kududdufin.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, kafin zuwana wasu ma'aikata sun ratsa yankin da sarƙar awo, kuma tun daga nan ake raɗe-raɗin za a karɓi wasu gonaki a mai da su na auduga. Wani da ya leƙa takardunsu ya ce ya ga suna sa alama da jar tawada. Gonar Baba kuwa kudu da kududdufi take.

"Malam, wagga takarda ta gonakinmu ce?"

Amsar kalma ɗaya ce, kuma na san ta. Ga abin da na ce maimakonta. Na ce to, ba zan ce ita ce ba, amma dai an koya mana cewa irin wannan zane, duk abin da mutum ya gani a ciki ba a ce masa ya yi kuskure, kuma ni ban gana da wanda ya yi shi ba, balle in san nufinsa. Ya tambaye ni inda na samo. Na ce daga Zariya, kuma Bature ne ya fara nuna mana irinsa. Ya ce madalla. Ya yi sallama ya fita. Na tuna har na yaba wa kaina, don na yi bayani ban faɗi komai da za a kama ni da shi ba.

Bayan kwana uku aka yi ruwan shuka. Gari ya fita da sungumi, maza a gaba suna sara, mata da yara a baya suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. A hanyata ta zuwa makaranta na lura gonar Baba babu kowa. Na yi tunanin ko ba shi da lafiya, amma ban tambaya ba, kada ya zama na shiga abin da ba ruwana.

Abin da ya ƙaru shi ne baƙi. Mutum zai yi sallama, mu gaisa a gurguje, ya juya mini baya ya fuskanci bango. Wasu su fita da fara'a, daga baya na gane su ne waɗanda suka sami gonarsu a fari. Har wani ya zo takanas daga wajen garin Sabuwa, ya ji labari a kasuwa, yana tambaya ko takardar ta kai ƙasarsu. Na ce masa iyakar ganina ba ta kai ba, amma Allah ne masani. Ni a zatona sha'awar zane ce ta kama mutanen yankin, har na fara shirin sa shi a darasi.

Ranar kwana na bakwai da ruwa mai unguwa ya aiko a kira ni. Ya ce Baba bai shuka ba. Irin geron da ya ajiye ba shi da yawa, kuma ya ce ba zai zuba shi a ƙasar da za a karɓe ba. Baba ya aika ƙauyen Mabai wajen dangin matarsa ko za su ba shi aron fili, har yanzu ba amsa. Mai unguwa ya ce shi ma yana son jin gaskiyar magana, tunda an ce tasa gonar an shafa mata ruwan ɗorawa, kuma babu wanda ya san ma'anar ruwan ɗorawa.

Nan na gane ɓarnar da na yi. Amma ku ji dabarar da ta zo mini. Na ce zan rubuta wa tsohon malaminmu wasiƙa ya tabbatar mana a rubuce cewa ba taswira ba ce, don kada in faɗi magana da kaina. Daga baya na rubuta ɗin kuwa, amsar ta iso ana yankan dawa. Mai unguwa ya tambaye ni kwana nawa wasiƙa take yi. Na ce mai yiwuwa mako uku, mai yiwuwa fiye.

Ya dube ni ya ce, "Malam, gero ya san wasiƙa?"

Duk da haka sai da na ƙara kwana ɗaya ina tsara yadda zan faɗa. Ranar ta tara, da sassafe, na cire zanen na naɗe shi na nufi gonar. Na tarar da Baba zaune a gindin tsamiya yana kallon ƙasarsa, ciyawa ta fara tsirowa, gonakin gefe kuwa gero ya fito layi-layi. Tare da shi akwai taubashinsa, wani masaƙi, wanda ya zo, a cewarsa, ya yi wa gonar ban kwana tunda ta zama ta gwamnati.

Na shimfiɗa takardar na danne da duwatsu, na fara. Na yi maganar shahararren mai zanen, na yi maganar samarin da suka bi shi, na ce a iyakar fahimtata ba lallai ne zane ya zama hoton wani abu ba. Baba ya ce bai taɓa jin an zana ba komai ba, balle a buga shi a kai kanti, balle mai ilimi ya saya.

Masaƙin ya ja takardar gabansa, ya juya ta kai ya koma ƙasa, ya sake juya ta a kaikaice. Ya ce shi dai gwado yake gani, kuma na ɗan koyo, don layukan ba su haɗu ba, jan kuma ya taru wuri ɗaya. Ya ce wa Baba, "Kai da kake lulluɓa da saƙata shekara talatin, ka taɓa tambayata gonar wa ce a jiki?" Baba ya ce ya rufe masa baki, shi da ko alif bai sani ba a boko. Sannan ya juyo gare ni.

"Malam, bar dogon zance. Kai ka kawo ta. In shuka ko kar in shuka?"

Na ji "mai yiwuwa" ta taso har maƙogwarona. Na dubi ciyawar nan, na haɗiye kalmar.

"Ka shuka, Baba. Wallahi ba taswira ba ce. Ba gonar kowa a ciki."

Ya ce, "To mi ya hana ka hwaɗi haka tun ranar?" Ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya tafi gida ɗauko iri. Ranar ban je makaranta da wuri ba. Na bi bayan sunguminsa ina zuba iri har rana ta take, masaƙin yana zaune a inuwa yana gaya mini ina zubawa da yawa. Da zai tafi ya naɗe zanen ya ce aro, zai duba inda za a gyara. Bai dawo da shi ba, ni ma ban tambaya ba.

Geron Baba ya yi, amma a makare, zangarniyarsa gajera, rumbunsa bai cika ba a shekarar. Bai taɓa tayar mini da maganar ba. Da kaka ya aiko mini da dami guda, kamar yadda mutanen garin suke yi wa malamin makaranta, kuma ban taɓa cin tuwon da ya yi mini nauyi a ciki kamar na wannan damin ba.

Har yanzu ni mai taka-tsantsan ne, ba zan ce na canza gaba ɗaya ba. Amma na gane cewa a ranar nan ba gaskiya nake karewa ba, kaina nake karewa, kuma wani ne ya biya da kwana tara na damina. Tun daga lokacin, in mutum ya tambaye ni abin da na sani, nakan fara duba me zai je ya yi da amsar. In shuka zai yi da ita, ko tafiya, ko sa hannu a takarda, sai in ce masa i ko a'a, in bar kuskuren, in akwai shi, ya hau kaina.