Ajin Malam Muzammil a Tsakiyar Shinkafa

Shekara goma sha tara ina hedimasta a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, ban taɓa ganin malami ya kama aiki da farar shadda mai sitati ba sai Muzammil. Ɗan Madobi ne, siriri. Shekara uku ya yi a kwaleji yana koyon yadda ake karantar da kurame da maganar hannu. Ya ce har gaban madubi ake tsayar da su suna motsa yatsu. Na ce to, Allah ya ba da sa'a.

Na buɗe masa ajinsa. Albasa ce a ciki har bakin taga. Tawa ce, ba zan ɓoye ba, ɗakin yana da iska.

"Ranka ya daɗe, ina ɗaliban?"

Na ce, "Suna gona."

Su biyar ne. Abin da kwaleji ba ta gaya masa ba, a nan idan shinkafa ta fitar da kai babu mai daraja kamar kurma. Tsuntsayen jan-baki na saukowa dubu-dubu, sai an wuni ana dukan galan da gwangwani ana korar su. Yaro mai ji awa biyu zai yi ya tsere da ciwon kai. Kurma kuwa daga hantsi har la'asar yana duka yana dariya. Manoma har layi suke yi a ƙofar iyayensu.

Ga shi takarda ta iso: mai duba makarantu zai zo nan da wata biyu, in ya tarar babu ɗalibai a soke ajin, karatun yaran shi ke nan. Ni dai ban ji haushi ba, albasa na neman wuri.

Muzammil ya je wajen Datti, uban Talatu, 'yar shekara tara da ta fi kowa iya dukan galan. Datti ya ce, "Malam, wadda ba ta ji me za ka gaya mata? Ni da na haife ta ban taɓa ce mata komai ba."

Washegari sai ga bawan Allah ya ɗauko allo a ka, ya bi bakin kanal, ya kafa shi a kan kunya tsakiyar shinkafar Datti. Ya tara yaran, ya tsaya cikin farar shadda yana wurga hannuwa sama da ƙasa. Wallahi ranar ko tsuntsu ɗaya bai sauka a gonar ba. Duk suka koma ta maƙwabcinsa Badamasi.

Kafin Juma'a rigima ta kaure. Badamasi ya zo ofishina yana kumfar baki, wai malamin gwamnati na kowa ne, don me za a kafa shi a gonar mutum ɗaya? Dole mai unguwa ya tsara masa ranaku kamar yadda ake rabon ruwa. Wani ma babbar riga ya ɗinka masa don hannun ya fi kaɗawa. Sunansa ya koma Malam Mutum-mutumi. Ya ji, ya haɗiye, ya ci gaba. Yaran suna jan igiyar gwangwanaye da ƙafa, hannu na karatu.

Ranar duba na zarce gona da jami'in dubawar ina gumi, don kar ya leƙa aji. Ya naɗe wando, ya buɗe baki zai yi tambaya. Ina! Gwangwanaye na kwaramniya, injin ban ruwa na ruri. Ya yi ihu, na yi ihu, babu mai jin wani. Muzammil da yaransa kuwa hirarsu suke da hannu har da ƙyaƙyatawa, ina zaton mu ake yi wa. Talatu ta dubi mutumin yana ta wangale baki, tausayi ya kama ta. Ta ɗauki alli ta rubuta masa a allo: SANNU BABA.

Jami'in ya cire tabarau ya goge. Nan take ya sa hannu aji ya zauna, ya kuma rubuta mini a kwashe albasa kafin Asabar. Ashe tun a mota ya ji warinta a rigata.

Datti na tsaye bakin kanal, komai a idonsa. Da aka kashe inji ya matso yana susar ƙeya.

"Malam, yaya ake ce mata sannu da aiki?"

Muzammil ya kama yatsun da fartanya ta ƙangarar, ya lanƙwasa masa su. Datti ya je gaban 'yarsa ya yi, a karkace. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kama hannun ta gyara masa. Ni da na tsaya don in roƙe shi aron ɗakin zuba albasa, kunya ta rufe ni, na juya na tafi.