Littafin da Malam Mudi Bai Yaba Ba

Duk wanda ya yi zaman Funtua a shekarun baya, in dai yana taɓa karatun littattafan Hausa, ya san dakalin Malam Mudi. Ni kuwa shagona na ɗinki yana kallon dakalin, titi ne kawai ya raba mu. Don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a gabana aka yi.

Malam Mudi manomi ne. Masara da auduga yake nomawa a gonarsa ta hanyar Maska, kamar yadda ubansa ya yi. Firamare kaɗai ya gama, amma ya fito da wata cuta da ba ta jin magani, wato karatu. Tsofaffin littattafan labari da muka yi a aji, waɗanda mu muka manta da su tun ranar da muka bar makaranta, shi yana da su cikin akwatin ƙarfe, ya yi wa kowanne bango da takardar buhun siminti. Yana da na sana'o'in gargajiya ma, na jima da rini da ƙira da gini. In an yi La'asar sai ya fito da ɗaya ya zauna, jama'a su taru.

Ba karatun ne ke tara mu ba, hukuncin da zai biyo baya ne. Malam Mudi ba ya rufe littafi sai ya faɗi ra'ayinsa a kansa, kuma ba ya sa wa bakinsa zuma. Akwai wani tsohon littafi da kowa ke kambamawa, shi kuwa ya ce ɗumame ne, yana da daɗi amma ba na yau ba. Wani littafin kuma ya ce marubucinsa ya kashe mutane da yawa don ya rasa abin da zai yi da su. Littattafan sana'a su suka fi shan wuya a hannunsa. Yakan ce yawancin masu rubuta su leƙe suka yi daga ƙofar zaure, suka koma ofis suka ƙarasa da ka. Ba kullum yake da gaskiya ba. Malam Enoch, tsohon ma'aikacin asibiti kuma abokinsa tun firamare, ya sha kayar da shi, har su tashi ba sallama, gobe kuma a gan su dakali ɗaya suna raba goro. Amma ko ya yi daidai ko ya yi kuskure, maganarsa ke tafiya. In ɗalibi ya shiga kasuwa neman littafi, sai mai sayarwa ya ce masa, “Ɗauki wannan, Malam Mudi ya ce ya yi.”

Abu ɗaya ne ke rufe bakin Malam Mudi, shi ne ɗansa na fari, Abdulrahman. Mutanenmu na da ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa wasa da shi, ba sa yabonsa a gaban mutane. Kunya ce, kuma a wurinsu ita ce alamar wanda ya tashi a gidan mutunci. Da yawa daga cikinmu mun sassauta, ni kaina ina kiran nawa da sunansa, har in aike shi in yi masa godiya. Malam Mudi bai sassauta ko ƙanƙani ba. “Yaron nan” yake cewa, ko “wancan”. In aka kawo zancen Abdulrahman a dakali, sai ya duƙa yana gyara igiyar takalminsa, alhali takalmin soso ne.

Abdulrahman ya zama malamin sakandare a Malumfashi. Ya gaji cutar ubansa, har ya ɗara shi, don shi rubutawa yake so ya yi. Ya yi shekaru yana hawa babur a ranakun hutu, yau Danja, gobe Musawa, yana zama da masu fafar ƙwarya da masu yi mata zane. Ba leƙe ya yi ba. Na ga tabon ƙuna a yatsunsa, inda ya gwada riƙe wuƙar zane mai zafi. Ya ɗauki hotuna, ya rubuta sunan kowane zane da garin da ake yinsa, ya kai Zariya aka buga masa. Ɗan littafi ne siriri mai koren bango, amma aiki ne na wanda ya zauna ya saurara.

Ranar da ya kawo shi ina nan. Bai miƙa wa ubansa hannu da hannu ba, ya san ba a haka. Ya durƙusa ya gaida mu, ya ba Malam Enoch, ya koma gefe. Kowa ya san abin da ya kawo shi. Ba neman mai saye yake ba. Kalma ɗaya yake so ya ji daga bakin da ya auna littattafan duniya duka.

Malam Enoch ya buɗe ya karanta shafin farko da ƙarfi, ya ce, “To Mudi, yau ga naka ya zo.”

Malam Mudi ya miƙe ya ce bari ya sake alwala. Ya shiga gida, bai fito ba sai da aka kira Magariba.

Mu da muka rage muka yi ta zuba ra'ayi. Wani ya ce hotunan sun yi duhu, wani ya ce ai ko kakarsa tana da irin ƙwaryar da ke bango, Malam Enoch ya ce tun da yake bai karanta littafin sana'a mai rai kamar wannan ba. Abdulrahman yana ta “na gode, na gode”, amma idonsa na kan ƙofar zaure.

Aka yi kwanaki ba labari. Malam Enoch, da ba shi da haƙuri, ya riƙa tsokana kullum. Ran nan dai ya matsa masa a gaban jama'a, ya ce, “Kai da ba ka ƙyale matattun marubuta ba, wanga ne za ka ƙyale? Ka karanta ko ba ka karanta ba?”

Malam Mudi ya kalli titi ya ce, “Akwai wani hoto can wajen tsakiya. Ya rubuta ƙwaryar tatsa. Ta jere ce, ta adon ɗakin amarya. A gaya mashi ya gyara.”

Shi ke nan abin da ya faɗa. Al'adar da ta hana uba yabon ɗan fari ba ta hana shi yi masa gyara ba, don haka ta ƙofar da ke buɗe kaɗai ya bi. A ganinsa ma ya nuna ya karanta har ƙasan hotuna, mai hankali zai gane sauran. Amma garin ba haka ya ji ba. Kafin mako ya zagayo, maganar ta isa kasuwa da ɗakunan malamai a Malumfashi: Malam Mudi ya ce littafin ɗansa cike yake da kurakurai. Kuskure ɗaya ya faɗa, bakin mutane ya haifa masa 'ya'ya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na san gaskiyar. Da hantsi, lokacin da dakali ba kowa, daga kan kekena nake hango shi a zaure da koren littafin nan. Yana karantawa yana gyaɗa kai, wani lokaci ya yi dariya shi kaɗai. In ya ji takun mutum sai ya tura shi ƙarƙashin buzu, kamar wanda aka kama da naman sata.

Na tsallaka na same shi, na ce, “Malam, ka ce wa yaron nan wani abu. Ba sai a dakali ba. Ko a soro, ku biyu.”

Ya ce, “Tela, in dubi ɗan fari in ce ya iya? Ubana ya rasu bai taɓa ce mani sannu da aiki ba, kuma na san yana so na. Shi ma ya sani.”

Na ce, “Ubanka ba ya zama a dakali yana raba wa littattafai maki. Kai ka saba wa mutane da magana, shirunka ba irin nashi ba ne.”

Ya ce in koma in ƙarasa wa mutane ɗinkinsu, Sallah ta kusa.

Na sami Abdulrahman ma, na gaya masa abin da nake gani da hantsi. Ya yi murmushi irin na wanda ake lallashi, ya ce, “Baba Tela, na san kunya, a gidan na tashi. Amma Baba bai taɓa ɓoye gaskiyar littafi don kowa ba. Da ya yi mashi, da ko Baba Enoch ya gaya wa. Kai dai kana so ka sanyaya mani rai, na gode.”

A lokacin ya riga ya fara aikin littafi na biyu. Akwai wata mata a Maska da ake kira Tsohuwa, sunan da ta tashi da shi ke nan tun tana goye, don sunan kakarta aka sa mata. Ita ce ta rage a yankin cikin matan da suka iya aikin auduga daga farko har ƙarshe: ta gurza, ta shiɓe, ta kaɗa zare da mazari, ta kafa itacen saƙa a jikin bango ta fitar da gwado mai zane. A ƙasar da ake loda auduga a manyan motoci, ita kaɗai ta san yadda ake mai da ita zane da hannu. Abdulrahman yakan je wurinta duk Asabar, ya dawo yana ba ni labari kamar wanda ya tsinci dami a kala.

Bayan maganar ƙwaryar tatsa sai zuwan ya fara ja baya. Yau babur ya lalace, gobe akwai jarrabawa. Daga baya ya buɗe shagon taki da iri a Malumfashi, ya ce shi ne abin da ƙasar ke nema. Kasuwa ta karɓe shi, ya yi gida, ya yi mota, ya je Makka. Duk Juma'a yana zuwa gaida mahaifinsa, ya durƙusa, su yi zancen damina da farashin masara. Ba su taɓa yin faɗa ba. In wani ya kira shi marubuci sai ya yi dariya ya ce ƙuruciya ce. Ni kuwa in na ji haka sai raina ya ɓaci, don na san ba ƙuruciya ba ce, kuma na san wanda ya kashe abin yana zaune tsallaken titi yana ganin ya kiyaye mutunci.

Shekaru suka tafi. Malam Enoch ya rasu, muka je coci muka zauna a bencin baya, Malam Mudi ya yi kukan da ban taɓa ganin ya yi ba. Dakali ya watse, matasa suka koma kan waya. Sannan yanar ido ta rufe wa Malam Mudi gani. Aka yi masa aiki, ɗaya ya ɗan buɗe, amma karatu ya gagara. Ni na koma mai karanta masa in na rufe shago, duk da yakan ce ina karatu kamar mai tuƙa amalanke a kan burji.

Wata Juma'a bara, bayan an sauko daga masallaci, muna zaure mu biyu sai Abdulrahman ya yi sallama. Furfura ta fara fito masa a gemu. Ya gaida mu ya zauna kusa da ƙofa. Aka yi zancen taki aka gama. Ban san abin da ya taɓa tsohon ran nan ba. Wataƙila rashin Enoch ne, wataƙila ya ji jikinsa ne. Ya juyo da fuskarsa wajena, ba wajen ɗansa ba, ya ce:

“Tela, na karanta littattafan sana'a duk wanda ya shigo garin nan. Babu wanda ya kama ƙafar na yaron nan. Shi ya zauna da mutanen, ya bar su suka yi magana. Na so in faɗa tun ranar da ya kawo shi.” Sannan ya ce, “Tambaye shi ina na biyun, na matar nan ta Maska. Ina so a karanta mani kafin in tafi.”

Na juya na kalli Abdulrahman. Na ɗauka zan ga murna, don ga abin da ya jira tun yana saurayi ya zo. Kansa na ƙasa, yana murza makullin motarsa. Da ya buɗe baki, shi ma ni ya fuskanta.

“Baba Tela, a gaya mashi Tsohuwa ta daɗe da rasuwa. Ta yi ta aiko mani, ban je ba. Da na je gaisuwa na tarar an girka abincin sadaka da itacen saƙarta.”

Malam Mudi ya ce, “Ba wanda ta koya mawa?”

“Jikokinta ba su so. Ni ta ce za ta nuna mawa, in rubuta.”

Ina zaune tsakaninsu, babu saƙon da ya rage in kai wa kowa. Da aka kira La'asar Malam Mudi ya laluba neman takalminsa bai samu ba. Abdulrahman ya taso ya jawo su ya ajiye masa a gaban ƙafa, ya kama hannunsa suka fita.