Ƙwan da Mama Ta Mayar

Shekarar da masaƙa ta sallami babanmu, ita ce shekarar da aka yaye ƙanwata. Har yau in na ji tsamin kamu, ɗakinmu na Kakuri nake gani, rufin kwano yana yoyo.

Nama ya fara ɓacewa daga miya, wake ya bi shi. Koko ya rage, shi ake ba yarinyar safe da yamma. Amma akwai kaji a bayan ɗaki, na kakarmu ne, da su ta taho daga ƙauye. Ƙwan da suka saka, tarawa take yi su ƙyanƙyashe.

Da damina ta yi nisa, yarinyar ta fara cika. Kumatu suka fito, ƙafafu suka yi ɓul-ɓul. Maƙwabta suna tsokanar Mama: "Me kike ba ta haka? Ta fi 'ya'yan masu albashi ƙiba." Mama takan yi dariya. Ni dai na lura yarinyar ta daina wasa. Gashinta ya koma ja, yana zuba a zanin goyo. In ka danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa ke nan, ba ya dawowa. Kukanta ma ya zama siriri.

Wata safiya Mama ta ɗauki ƙwai ɗaya za ta dafa mata. Kaka ta riƙe hannunta.

"Ajiye, 'yar nan. Yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo yake zama. Dubi jikinta, me ta rasa?"

Mama ta mayar. Kada ka ɗauka Kaka muguwa ce. A bayanta yarinyar take wuni.

Sai da fata ta fara saɓulewa aka kai ta asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta ce tamowa ce, wannan kumburi ne ba ƙiba ba. Kaka ta dawo da zanin goyo a hannu.

Bana, a ajinmu na yaƙi da jahilci a Mahuta, malama ta rubuta "furotin" a allo. Ta ce shi ne ke gina tsoka da jini, yana cikin wake, gyaɗa, kifi da ƙwai. In yaro ya rasa shi, ruwa ne ke taruwa a jikinsa. Na daɗe ina kallon allon. Yanzu a gidana, ƙaramin yaro shi ake fara ba ƙwai.

A waccan shekarar mun rasa aikin Baba, da kekensa, da ƙanwata. Kajin Kaka ko ɗaya ba ta mutu ba.