Tsagar Baba

Hoton mahaifinmu guda ɗaya ne a duniya. Ɗan ƙarami ne, bai fi akwatin ashana ba, manne a jikin takardar da yake tsallaka iyaka da ita lokacin yana dillancin awaki a kasuwar Maigatari. Da ya rasu, mahaifiyata, Inna, ta naɗe takardar a leda ta sa a ƙasan kwallar turarenta. Damuna ta zo ta wuce ba adadi, har ledar ta manne da fuskar.

Gumel nake zuwa ajin yaƙi da jahilci, Asabar da Lahadi, kuma hanyata ta gaban wani shagon hoto take bi. Mai shagon sa'ana ne, mutum mai fara'a. Ya rataye wasu hotuna a ƙofa waɗanda za ka rantse da hannu aka zana su da fenti. Ran nan na tsaya na tambaye shi.

"Malam, kwamfuta ce," in ji shi. "Kawo ko wane irin tsohon hoto. Zan wanke maka shi, in faɗaɗa, in mayar da shi zane. Mai shi ma ba zai gane kansa ba don kyau."

Na yi dariya. 'Ya'yana ba wanda ya riski Baba, sai na yi sha'awar su tashi suna ganinsa a bango. Sau uku ina roƙon Inna kafin ta buɗe kwallar. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni. Ta miƙo ledar tana kallon gefe, ta ce, "Kai, a dawo da ita yadda ta tafi."

Mai hoto ya kifa takardar a kan gilashin na'urarsa, ga Baba ya fito a allon kwamfuta, duk layi-layi. Ya ce leda na sa ƙyalli, bari ya cire ya sake ɗauka. Na buɗe baki zan ce a bari, ya riga ya ja. Rabin fuskar ya biyo ledar, ragowar ta marmashe a yatsansa kamar ɓawon gyaɗa.

"Kada ka damu," ya ce. "Ai mun riga mun kama shi, yana ciki."

Na tattara abin da ya rage a cikin ledar na sa a aljihu. Ban gaya wa Inna ba.

Bayan mako na koma. Wallahi aikin ya yi kyau. Babbar riga fara sol, hular ta zauna, bayansa wani launi mai kama da hantsi. Goshin nasa ne, hancin nasa ne. Na ɗauro shi a babur, ina kaffa-kaffa da ramuka kamar na ɗauko ƙwai.

Inna ta sa aka fitar mata da shi tsakar gida, don idonta ya yi rauni. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, "Wane ne wannan?"

"Baba ne mana, Inna."

"To ina tsagarsa?"

Sai a lokacin na lura. Kumatun sumul, kamar na jariri. Baba kuwa tsagar gidansu ta cika masa kunci biyu, daga gefen ido har kusa da baki. Mu ba a yi mana ba, shi ya hana. Na tsaya kan hoton nan a shago ina yabo, na yi doguwar tafiya da shi a bayana, ban ga abin da babu ba. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Washegari na koma Gumel. Mai hoto ya dafe kai.

"Subhanallahi! Na ɗauka karce ne na tsufan takarda. Ɗaya bayan ɗaya na bi su na goge, sai da na yini a kai."

"To, buɗe na farkon da ka ɗauka a na'ura."

Ya juya ga kwamfutar. A kan na farkon ya yi gyaran, ya ajiye sabon ya danne tsohon. Ya bincika ko'ina ina zaune ina kallon hannunsa. Babu.

"Abu mai sauƙi ne," ya ce daga baya, murya ƙasa-ƙasa. "Zan iya mayar masa. Faɗa mini guda nawa ne, da yadda suka kwanta."

Na rufe ido. Ina jin muryar Baba, ina ganin yadda yake matsa cinyar akuya ya san nauyinta. Amma guda nawa? Wane ɗa ne yake tsare ubansa da ido har ya ƙirga?

Na tambayi Inna. Ta ja mayafi ta ce, "Ji wata magana. Shekara arba'in ina zaune da shi, ka taɓa ganin na ɗaga kai na zuba masa ido? Na dai san suna nan."

Na hau babur zuwa Ɗanzomo wurin Gwaggo, ƙanwarsa, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Tata tsagar ta mata ce, ba iri ɗaya ba. Ta ce bakwai-bakwai. Da na tashi tafiya ta ce a'a, tara ne a dama. Ta ce akwai ɗaya da ta karkace don ya motsa a hannun wanzami, amma ko a wane kunci, Allah masani. "Ɗan nan, da ka zo shekara biyar baya," ta ce, "da kaina yana tare da ni."

Mai hoto bai gaji da ni ba, ni ma ban yi masa faɗa ba, me faɗa zai dawo da shi? Sau huɗu muna zama. Ya ja layi bakwai, ya ja tara, ya karkata ɗaya a dama, ya mayar hagu. Kowanne na kai gida, Inna ta duba ta ce, "Wannan dai wani ne daga danginsu." Na huɗun ma ba ta karɓa ba. Ta ce, "Kai, ina takardata?" Na zaro ledar na ajiye a gabanta. Ta buɗe, ta taɓa garin da ɗan yatsa, ta naɗe, ta mayar cikin kwalla.

Na farkon, mai sumul ɗin, shi na rataye a ɗakina, don gara babu da ƙarya. Abin da ke ba ni tsoro yanzu shi ne, in na tuna Baba, fuskar bangon ce take fara zuwa. Ta gaskiyar sai na yi ta kira, wani lokaci ba ta amsawa.

Ranar da hannuna ya fara zama da rubutu a aji, da na koma gida na sauko da hoton na juya bayansa. Na daɗe ina haɗa baƙaƙe kafin na rubuta wa 'ya'yana: "Kakanku yana da tsaga." Na bar fili a ƙasa don adadin. Har yanzu filin yana nan.