Ƙwaryar Darlene Ta Ƙi Zuwa Dama

"Hagu ta sake kai ta?"

"Hagu. Gida uku cif."

"Matar da ke cusa tirela lungu da ribas?"

"Ita fa. Yi shiru, ga ta nan."

Darlene Wojcik ta ji 'yan ajin lissafinsu sarai. Shekara ashirin da takwas tana jan tirela daga garin Toledo zuwa duk inda kwalta ta kai, har bayanta ya ce ya gaji. Kamfani bai sallame ta ba. Ya ajiye ta a ɗan akurkin bakin ƙofa, taku biyu ka taɓa bango, tana ɗaga wa direbobi sanda su wuce su bar ta.

Mafita ɗaya ce: ofishin tsara tafiyar motoci. Ofishin na son takardar kwaleji, kwaleji na son lissafin aljebra, jarrabawar kuma sau uku ake zama. Ta faɗi biyu.

Abin da ke kayar da ita bai taka kara ya karya ba. Layi ne mai lanƙwasa kamar ƙwarya, farabola, zaune a takarda mai gida-gida. In aka rubuta (x − 3)², ƙwaryar ta matsa dama gida uku. Darlene kuwa da ta ga alamar ɗebewa, sai hannunta ya yi hagu.

A aji ta ce, "Malama, ɗebewa ai baya ce."

"Ban da cikin bakan da ya kewaye x − 3," in ji Malama Lindgren. "Wane x ne zai mai da cikin bakan sifili? Uku. Nan gindin ƙwaryar zai zauna."

Roscoe, tsohon makaniken da ke zama bayanta, ya ce, "Ke direba, ribas ne fa! Murza sitiyari hagu, gindin tirela ya yi dama. Ko akurki ya cinye basirar?"

"Ka ji da haƙoranka na roba, tsoho."

Amma washegari a akurki ta ɗauki farantin takardar da ta ci abinci a kai, ta riƙe shi kamar sitiyari, ta murza. Tambaya goma ta yi, goma daidai. Ta ajiye farantin, sai ga ƙwarya ta koma hagu. Hannu ya gane, kai ya ƙi.

Ranar Asabar da safe, zama na uku, mai gadin jarrabawa ya nuna mata kwandon ajiye kaya.

"Fensir kawai, baiwar Allah."

Darlene ta rungume farantin a ƙirji.

"Duba gaba da baya, babu rubutu ko ɗigo. Don Allah, ɗan'uwa, bar ni in shiga da shi."