Ranar da Na Sa Sandunan Ganga a Aljihu

Abubuwa da yawa sun shige mini a aikin koyarwa, amma ban taɓa mantawa da wata ranar ba da kyaututtuka ba, a wata sakandaren gwamnati da ke wajen Nasarawo. Ƙarshen zango na uku ne, da damina. Ina mataki na tara na albashi a lokacin, kuma ni kaɗai ne malamin kiɗa da waƙa, wato ni ne mai 'yan badujala, ni ne mai kwaya, ni ne kuma mai ɗinke fatar ganga idan ta fashe.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, 'yan badujala su ne yara masu ganguna da bigila. Kwaya kuwa ƙungiyar mawaƙa ce, baki kawai, ba kayan kiɗa. Ranar taro akwai doka da ba a rubuta ba amma ta fi rubutacciya ƙarfi: da zarar wani babban mutum ya shigo ƙofar makaranta, ko me ake yi a tsaya, a buga masa ganga har ya zauna. Mai ba da alamar shi ne mataimakin shugaban makaranta, Malam Sani. Yana tsayawa kusa da ƙofa da farin hankici, in ya ɗaga shi sai yara su kama dukan ganga. To ku kun san manyanmu. An ce ƙarfe goma, amma kowa jira yake ya ji ɗan'uwansa ya riga shi zuwa, don kada a ce shi ne ƙarami.

A shekarar akwai wata ɗalibar aji shida, Rifkatu, mai murya kamar me. Ta kawo mana wata waƙar niƙa ta yaren Tangale da kakarta ta koya mata, muka shirya ita ta ba da waƙa, sauran su amsa. Zango guda muka yi a kanta. Na sha fama kafin 'ya'yan Kanawa da Fulani su iya lanƙwasa harshe su yi amshin daidai, amma suka iya. Wannan ce tsayawar Rifkatu ta ƙarshe kafin ta bar makaranta, don haka kakar ta hau mota tun daga ƙauyensu ta zo ta ji. Tsohuwa ce ƙarama da sanda, aka ba ta kujera a bayan rumfar iyaye.

Kafin a fara na je na sami Malam Sani na ce, "Ranka ya daɗe, waƙar nan gajeriya ce. In an fara ta, don Allah a bari ta ƙare."

Ya ce, "Malam Yakubu, kai dai ka kula da waƙarka, ni in kula da baƙina."

Aka kira kwaya. Rifkatu ta ɗauki makirfo, ta ja baiti na farko, wurin ya yi tsit. Amshi bai gama sauka ba sai ga hankici a sama. Ganguna suka ɓarke. Wa ya zo? Wakilin babban baƙo ne, ya zo ya ce maigidansa yana hanya. Aka raka shi, ya gaisa da kowa a layin gaba ɗaya bayan ɗaya, ya zauna. Mai gabatarwa ya ce kwaya ta sake daga farko.

Suka sake. Wannan karon har an kai tsakiya, sai wata mota mai baƙin gilashi ta shigo. Hankici! Wani mutum ya fito cikin babbar riga tana jan ƙasa, yara suka yi ta dukan ganga, shi kuma yana ta waige-waige. Ashe mai hayar rumfuna ne, ya biyo daga wajen ɗaurin aure ya duba ko iska ta tuge masa ƙarfe. Wallahi har ɗaga mana hannu ya yi. Na kalli Malam Sani, ya kawar da kai yana gyara hula.

Na uku ma haka, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai ne, wanda gidansa ke bayan katangar makaranta. Raina ya gama ɓaci. Na juya in ce wa yara su yi haƙuri, sai na ga Rifkatu hawaye na zuba. Na ce, "Ke, share fuskarki, ai ba laifinki ba ne."

Ta ce, "Malam, ba ka gane ba. A garinmu in makaɗi ya katse mai waƙa, nufinsa ta ɓata waƙar. Kaka ba ta san zancen baƙi ba. Ga ta can za ta tafi."

Na duba. Tsohuwar ta miƙe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, tana neman hanya tsakanin kujeru. Ta yi doguwar tafiya don ta ga an kunyata jikarta a gaban jama'a, a ganinta ke nan.

Ban yi shawara da kowa ba. Na taka wurin 'yan badujala na ce kowa ya miƙo sandunansa. Na zuba ƙananan a aljihun kaftani, na maƙale na babbar ganga a hammata, na ce wa masu bigila duk wanda ya kai ta baki zai gamu da ni. Na dawo na ce, "Rifkatu, ɗauko daga farko, kuma ki ɗaga murya ta isa bayan rumfa."

Ta fara. Tsohuwar ta tsaya cak. Kamar haɗin baki, ana shiga baiti na biyu sai ga jiniya, babban baƙo da kansa. Malam Sani ya ɗaga hankici. Shiru. Ya kaɗa shi, ya kuma kaɗawa kamar mai korar ƙuda, yara suna nuna masa tafin hannu. Ya aiko mini da harara, ni kuwa na ba shi ƙeya ina kaɗa wa kwaya hannu. Babban baƙo ya fito daga mota, bai ji ganga ba, bai san yadda zai shigo ba, sai ya tsaya nan bakin ƙofa da mutanensa. A tsaye ya saurari waƙar har ta ƙare. Da amshin ƙarshe ya sauka, tsohuwar ta rangaɗa guɗa daga inda take, sannan aka yi tafi. Sai a lokacin na mayar da sanduna, aka buga wa baƙo gangarsa, ya zauna. Ban ga ya ragu da komai ba.

Washegari na sami takardar neman bahasi, wai na wulaƙanta baƙon makaranta. Na amsa, aka saka a fayil ɗina, tana nan har yau. Amma ba ita nake tunawa ba. Bayan taro Rifkatu ta kawo mini kakarta. Tsohuwar ta riƙe hannuna, ta ce da 'yar Hausarta, "Ɗana, duk sanda suka katse ta sai in bi waƙar a raina, ina neman inda ta ɓata. Ban samu ba. Yarinyar ba ta ɓata ba, ko?"

Na ce, "Ko kaɗan, Kaka."

Ta ce, "To makaɗanka ne ba su da kunne."

Ban gaya mata makaɗan ba su da laifi ba, mu manya ne. Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa sababbin malamai: a makarantunmu ana ɗaukar kiɗa da waƙa kamar tabarma, abin shimfiɗa wa baƙo. Yaron da ya yi zango guda yana koyo kuwa, shi da wanda ya zo dominsa ba haka suka ɗauke su ba. Tun daga ranar, duk taron da kwayata za ta tsaya, sandunan ganga a aljihuna suke zama, kuma ba na fito da su sai yaro ya kai ƙarshen waƙarsa.