Akwatin Ɗaya ga Janairu

A cikin masu kai gyaran waya rumfar Abdulfatahi da ke hanyar tasha a Kontagora, kaɗan ne suka san ya taɓa rubuta manhajar da wani asibitin kuɗi ya yi shekaru yana aiki da ita. Shi ma ba ya tada maganar sai an matsa masa.

Ɗan wani mai sayar da hatsi ne a Salka. Ya gama karatun kwamfuta ya dawo gida yana zaman jira, har Dakta David, mai asibitin, ya neme shi. Ɗakin kati ya cika maƙil, majinyata kuma ba sa rabo da yar da katinsu. Patience, mai ba da kati, wuni take tana tono.

Abdulfatahi ya san idan kwamfuta za ta bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, ranar da suka yi yawa za ta gaji. Sai ya rarraba ma'ajiyar bayanan akwati-akwati. Majinyaci ya faɗi rana da watan haihuwarsa, manhajar ta lissafa ta fitar da lambar akwati, ta nufi can kai tsaye. Bai yi da suna ba, don Muhammadu da A'isha sun yi yawa. Bai sa shekara ba, don ya san mutane na rage ta. Ranar haihuwa kuwa, a ganinsa, Allah ya riga ya warwatsa bayinsa a cikin shekara.

Da fari abin kamar ƙiftawar ido. Ma'aikatan asibitin suka laƙaba masa Injiniya.

Sai asibitin ya yi suna, mutanen Kaboji da makiyayan Bobi suka fara tururuwa.

"Baba, yaushe aka haife ka?" in ji Patience.

"Shekarar da fara ta cinye dawa, 'yata."

Sai ta rubuta ɗaya ga Janairu, kamar yadda ake sa musu a katin shaida. Sauran akwatunan suka zauna kusan wayam, guda ɗaya yana ta kumbura, kwamfutar kuma dole ta bi na cikinsa ɗaya bayan ɗaya.

"Injiniya, injinka zai riga ni tsufa fa," Patience ta tsokane shi.

Ya yi dariya, ya ce zafin gari ne. Amma ranar da ya leƙa ciki ya ga komai, ya kuma san maganin: a cakuɗa suna a cikin lissafin, a bar akwatunan su riƙa ƙaruwa, wanda ya cika a tsaga shi biyu. Sai dai hakan na nufin kwashe tsofaffin bayanai duka, da tsayawa gaban Dakta David ya ce tun tushe ya kuskure. Nauyin bakin nan ne ya kayar da shi. Ya ce a ƙara wa kwamfutar ƙarfi. Aka ƙara, ta ɗan farfaɗo, shi kuma ya samu abin fakewa.

Wata ranar kasuwa aka kawo wata mata daga Bobi tana zubar da jini. Rukunin jininta na cikin kwamfutar, a akwatin nan na ɗaya ga Janairu. Nas na tsaye a kan Patience, allo yana ta juyi, har likita ya haƙura ya sa aka sake gwaji. Matar ta rayu.

Abdulfatahi ya duƙufa ya gyara manhajar tun daga tushe, ya kai ta asibitin. Ya tarar da wasu 'yan kamfani daga Minna suna haɗa tasu manhajar.

Dakta David bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam Abdulfatahi, tun yaushe ka san matsalar?"

Ya sunkuyar da kai.

"Da bara ka kawo, da mun karɓa."

Gyararriyar manhajar na nan a tsohuwar kwamfutarsa a rumfa. Idan kasuwa ta yi sanyi yakan buɗe ta, ya zuba mata sunayen da ya ƙirƙira, dubbai, duk haihuwar ɗaya ga Janairu. Nan take take fito da kowa. Ba a taɓa neman majinyaci ko ɗaya da ita ba.